Kwando na Huɗu a Ƙofar Gabas

Ƙarfe shida da rabi na yamma ne, ranar Asabar, an tashi daga ƙwallo. Mu uku ne a ƙofar gabas ta filin wasa: ni, shugaban masu shara na ɓangaren; sai ogan kamfanin da ke kwashe robobi; sai wata dattijuwa mai zoɓo daga Masaka, da buhunta ninke a hammata.

A lokacin aka kawo sabon tsari, ni kuwa ina son tsari. Na farko, a cire murfin gora. Na biyu, a take ta ta lotse. Na uku, gora a shuɗin kwando, murfi a ja, ragowar abinci a kore. Kamfani ya kwashe, ya niƙa, ya narka, a yi bokiti da kujera. Na koya wa ma'aikatana, na koya wa 'yan kallo, wani lokaci da tsawa.

Ita kuwa dattijuwar, tun kafin a ɗauke ni aiki take zuwa bayan kowane wasa. Takan tsinci gorunan ruwa masu murfi, ta wanke da sabulu a gida, ta shanya, ta ɗura zoɓo da kunun aya ta sayar a bakin titi. Da haka take ciyar da jikokinta.

Ta leƙa shuɗin kwando, ta ɗago gora ɗaya, a lotse kamar mota ta bi ta kanta.

"Ɗana, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Doka ce, Mama."

"To a ina zan zuba zoɓon, a hularka?"

Oga ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ya yi mata bayani da ladabi cewa lotsattsiyar gora ba ta cin wuri a mota. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kama hanyar tasha. Buhun bai buɗu ba.

Ranar Litinin na sami oga. Na ce a ƙara kwando na huɗu, na goruna lafiyayyu masu murfi. Dattijuwar kuma ta riƙa dawo mana da waɗanda suka tsufa, a narka. Ya ce ba laifi, in dai ni zan kula da shi. Na samo kwandon, na girke shi da kaina.

Amma koyarwata ta riga ta shiga. 'Yan kallo sun saba: su shanye, su cire murfi, su taka, har da jin daɗin ƙarar. Har yau buhun Mama da ƙyar yake kai rabi.

Saboda haka, kai mai karatu, in ka zo kallo ka sha ruwa, kada ka take gorar. Mayar mata da murfinta, ka kawo ta ƙofar gabas, ka sa a kwandon da ke hannun dama.