Yajin Mahaifiyata a Robar Wata

Aure ne ya kawo ni Inugu daga Zariya. Maigidana mahauci ne, ni kuwa abin da na zo da shi daga gida shi ne haɗin yajin mahaifiyata: barkono, citta, kanumfari, masoro da ƙuli-ƙuli, kowanne da gwargwadonsa. Maƙwabciyata a unguwar Asata ce ta fara cewa mu mai da shi sana'a. A garin aka haife ta, tana jin yaren Ibo kamar 'yar gida, ni ko gaisuwa ban iya ba. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Muka shirya da baki: ni daka da haɗi da zubawa a leda, ita kai wa shaguna a kasuwar Ogbete, riba a raba.

Mun daɗe a haka. Ita ta yi jinyata lokacin haihuwata ta biyu. Shi ya sa da ta ce in nuna mata haɗin, ko da wata rana zan kwanta ciwo, ban kawo komai a raina ba.

Ranar da ƙafarta ta kumbura, sai na hau keke na kai kayan da kaina. Mai ɗaya daga cikin shagunan, wata dattijuwar Ibo, ta tambaye ni da Turancin buroka, "Madam ɗinki fa?"

Na ce ai sana'ar tamu ce mu biyu. Ta yi dariya.

"Ta ce ke 'yar aikinta ce. Ta ma ce an kusa daina na leda, sabo na zuwa."

Ta miƙo mini samfurin: roba mai jan murfi, an manna takarda da sunan maƙwabciyata ita kaɗai. Na buɗe na lasa. Yajin mahaifiyata ne.

Ko gida ban shiga ba na wuce wurinta. Na tarar da ita ta miƙe ƙafar a kan tabarma.

"Yaya, me na yi miki?"

Ba ta musa ba. Ta ce ƙanin mijinta ya sayi injin niƙa, turmina ba zai iya da kasuwar ba, kuma da ma tana shirin gaya mini.

"Har da cewa ni 'yar aikinki ce?"

"Ke ma dai, maganar kasuwa ce kawai."

Maigidana ya so a kai ƙara wurin Sarkin Hausawa, na ce a bari. Ta aiko aka ɗauki sikeli da injin liƙe leda da muke aiki da su, na riƙe turmina. Shagunan duk suka bi ta, don ita suka sani.

Da masu tsire na sake farawa, abokan maigidana. 'Ya'yana suka riƙa koya mini yaren Ibo suna dariyar bakina, har na iya ciniki. Yanzu ni ma ina da shagunan da nake kai wa, ba su kai nata yawa ba.

Har yau layinmu ɗaya. Da ta aurar da 'yarta na je na yi Allah sanya alheri. Aka zubo mini abinci na kasa ci. Na taso da wuri, don na bar barkono a shanya, ga hadari ya haɗo.