Ranar Da Injin Shinkafa Ya Kama Rigata

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka tashi daga Danau Kota, mu uku a cikin 'yar ƙaramar motar abokina ɗan Filato, wanda yake aikin kwamfuta a nan Kuala Lumpur. Na ukunmu Bakano ne, maƙwabcina a bene, yana karatun tattalin arziki. Tun kafin ya shiga mota ya faɗa mana gaskiya: shi ba ruwansa da injuna, an ce masa akwai kifi mai kyau a can bakin teku, shi ya sa ya biyo mu.

Ni kuwa aiki ne ya fitar da ni. Shekarata ta uku ke nan ina digiri na uku a kan yadda ake ɗaukar ƙarfin inji daga wuri ɗaya a kai shi wani wuri, kuma kusan duk abin da na sani a allon kwamfuta na san shi. Malamin da ke duba aikina ne ya ce akwai wani tsohon injin casar shinkafa a yankin Kuala Selangor da har yau igiya ce ke juya shi, in je in gani da idona tun ba a rushe shi ba.

Da la'asar akwai walimar sunan ɗan wani ɗan'uwanmu a Wangsa Maju, sai na ce bari in yi shiri ɗaya. Na saka sabuwar shaddata ruwan toka wadda aka aiko mini daga gida, rigar doguwa har ƙauri, mai faɗin hannu. Ɗan Filato ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko aure zan nema a cikin gonar shinkafa.

Mun tsaya karyawa a wani mamak, irin wuraren cin abincin Indiyawa Musulmi da ba sa rufewa. Roti, wata irin gurasarsu mai laushi, da miyar wake da shayi mai kumfa muka sha. Bakano ya yi mitar cewa rotin ya ƙara kuɗi kuma ya rage faɗi, amma bai hana shi cin uku ba. Daga nan muka hau babbar hanya. Sumul take, ba rami ko ɗaya, sai dai shingen biyan kuɗin hanya da ba ka rabuwa da shi. Bayan mun bar dogayen benaye a baya, sai gonakin kwakwar manja hagu da dama, layi-layi har ido ya gaji. Can kuma ƙasa ta buɗe, ta zama shimfiɗaɗɗiya kore shar, da magudanan ruwa a miƙe da fararen balbelu a kan kunyoyi. Bakano ya ce ya rantse kamar muna hanyar Kadawa.

Wajen ƙarfe tara muka sami wurin, bayan mun ɓata sau biyu. Gini ne na katako da kwano, hawa uku, ya yi baƙi saboda tsufa. Mai wurin wani tsohon Basine ne siriri, sanye da singileti da gajeren wando. Kamar yadda ake kiran dattawa a nan, Ankul muka kira shi. Mahaifinsa ne ya kafa injin, 'ya'yansa kuma duk suna birni, ba mai son gado. Da shi da wata mata Ba'indiya mai furfura, wadda ta yi shekara da shekaru tana kula da injin, da masu ɗaukar buhu biyu, su ke nan ma'aikatan.

Kafin mu shiga Ankul ya tsaya ya kalli rigata.

"Wannan ba za ta shiga ba," in ji shi da Turancinsa na kasuwa. "Ka cire, ko ka ɗaure."

Na tattare rigar na ƙulle ta a ƙugu, na naɗe hannuwan. Ya dube ni kamar bai gamsu ba, amma ya ce, "Boleh lah," wato ba laifi, ya wuce gaba.

Abin da na gani a ciki ya sa na tsaya cak. A can ƙasa akwai inji guda ɗaya tak, tsohon mai shan gas, yana bugawa a hankali kamar ana daka. A gefensa wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe ce da ta fi ni tsawo, an yi mata kwarmi-kwarmi a bayanta, kuma a kowane kwarmi akwai igiya mai kaurin tsintsiyar hannuna. Igiyoyin nan sun tashi sama, sun ratsa ta ramuka a cikin daɓen katako, wasu sun tsaya a hawa na biyu, wasu sun wuce na uku. A kowane hawa suna juya wata doguwar sandar ƙarfe da ta bi tsawon ɗakin, daga sandar kuma bel-bel suka sauko zuwa kowace na'ura: mai ɓare ƙaiƙayi, mai tankaɗe, mai goge ƙwaya, da bokitai masu hawa da shinkafa sama. Ba inji mai lantarki ko ɗaya a cikin ginin. Komai yana motsi, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata, kuma duk daga bugun inji ɗaya.

Na sha zana wannan tsari, na sha lissafa yawan ƙarfin da igiya ke zubarwa a hanya. Ban taɓa tunanin yana da sauti ba. Igiyoyin suna wani irin huci, suna kaɗawa a iska, ga ƙamshin man da ake shafa musu ya gauraye da na dusa.

Sai matar ta yafito mu zuwa taga ta baya. Daga jikin ginin wata siririyar igiyar ƙarfe ta fita waje, ta hau kan fuli, wato ƙafar ƙarfe mai juyawa, a saman wani dogon turke, ta wuce zuwa na biyu, ta tsallake magudanar ruwa, ta shiga wata rumfa can nesa, ta dawo. A rumfar akwai fanka mai busar da shinkafa, kuma wannan igiyar ce kaɗai ke juya ta. Daga nesa sai ka ce igiyar shanya ce a tsaye. Sai da na ƙura ido na ga gudu take yi. Har Bakano ya daina maganar kifi.

A hawa na biyu abin ya faru, kuma laifina ne ni kaɗai.

Ina son hoto a gaban babban fulin da igiyoyi ke sauka a kansa, don in saka muku a nan. Na dubi kaina da riga a ƙulle a ƙugu kamar mai shirin kokawa, na ce wannan ba hoton nunawa ba ne. Ankul ya juya yana duba wani buhu. Na kwance ƙullin, na saki rigar, na miƙa wa Bakano wayata. Ya ce in ɗan matsa baya don fulin ya fito sosai. Akwai layin fenti rawaya a ƙasa, na gan shi sarai, na tsallaka shi da taku ɗaya.

A bayana, daidai gwiwa, akwai wata ƙaramar sandar ƙarfe tana juyawa, da kan ƙusa a wurin da aka haɗa ta. Abin da na fara ji shi ne kamar wani ya ɗan ja ni ta baya a hankali. Kafin in waiwaya sai na ji an fizge ni, na faɗi a kan gwiwoyina. Rigar tana naɗewa a jikin sandar, wuyanta ya shaƙe ni, bayana yana matsawa kusa da ƙarfen. Ban yi ihu ba, don ba numfashin yin sa. Na tuna ina ganin ƙwayoyin shinkafa a tsagar katako, ina ta ƙoƙarin kama daɓen da farce.

Ɗan Filato ya faɗo kaina ya rungume ƙuguna, ya tokare ƙafarsa da ginshiƙi. Shadda ce mai kyau, ta ƙi yagewa, sai ta fara janmu mu biyu. Matar nan ban san lokacin da ta iso ba. Ta kama wani dogon itace da ke rataye daga sama ta fizge shi gefe, bel ɗin ya zame daga fulin da ke aiki ya koma kan wanda ke juyawa a banza. Amma ƙarfe mai nauyi ba ya tsayawa nan take, ya ci gaba da juyawa da sauran ƙarfinsa. Sai na ji sanyin wuƙa a ƙeyata. Ankul ne, da wuƙar da yake yanke bakin buhu. Ya tsarge rigar daga wuya har ƙasa, na fita daga cikinta, ni da ɗan Filato muka zube gaba.

Duka abin bai kai tsawon karanta wannan sakin layin ba.

Aka kashe babban injin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Suka zaunar da ni a kan buhuna, daga ni sai singileti da wando. Bakano yana tsaye inda na bar shi, wayata a hannunsa, yana ta salati. Na kalli sandar. Rigar da aka ɗinka da yadi mai yawa ta koma wani ɗan dunƙule matsattse, kamar zare a jikin mazari. Da matar ta zo yanke ta, ta ce in taɓa. Zafi ne da ita kamar an sauke ta daga guga.

Na yi zaton Ankul zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya zauna kusa da ni yana haki, ya ɗaga hannunsa na hagu. Sai a lokacin na lura yatsu uku ne a jiki.

"Ina saurayi," ya ce. "Ni ma na san injin. Shi ya sa."

Na ba shi haƙuri, na ce na ji kunya, ni da nake karatun wannan abu.

"Karatu yana da kyau," ya ce. "Amma igiya ba ta san ka yi karatu ba. Sha shayi."

Matar ta kawo shayi mai zaƙi sosai da ruwan ɗumi da gishiri, ta wanke mini gwiwoyin da suka ɗaye da jan layin da ya kwanta a wuyana. Na yi mata godiya har ta gaji, ita kuwa sai kaɗa kai take, tana cewa yau kwana biyu ke nan tana shirin rufe kan ƙusar nan ba ta samu hali ba. Ankul ya ba ni wata tsohuwar riga mai tallan takin zamani da rubutun Sinanci a ƙirji. Da ita da wandon shadda da hula na fito daga wurin.

Mun tsaya a wani ƙauyen masunta saboda alkawarin da muka yi wa Bakano. Gidajen a kan turaku suke cikin ruwa, jiragen kamun kifi a ɗaure a ƙasa, kifin kuma ya fi na birni araha nesa ba kusa ba. Aka gasa mana shi a ganyen ayaba da yaji. Mutumin da ya yi tafiyar nan don kifi ya ɗauki loma ɗaya ya ajiye. Ya ce shi ne ya ce in matsa baya, in yafe masa. Na ce masa ni na kwance rigar, ni na tsallaka layin. Ɗan Filato, wanda kafaɗarsa ta fara kumbura, ya ce mu biyun duk mu yi shiru mu bar shi ya ci abinci. A ƙarshe dai tapau muka yi, kamar yadda ake cewa a nan, wato aka ƙulle mana sauran muka taho da shi.

A hanyar dawowa ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, irin na la'asar ɗin nan, motoci suka yi layi tun daga bakin gari. Ba wanda ya kunna waƙa. Walimar suna ba mu je ba, na aika saƙon ban haƙuri. Da magariba muka iso Danau Kota, na shiga ɗaki na yi alwala, na daɗe a kan sallaya.

Na tafi neman abin da zan ƙara a babi na biyu na aikina, kuma na samu. Na ga inji ɗaya yana ciyar da gini mai hawa uku da rumfa a ƙetaren ruwa, ba tare da wayar lantarki ba, abin da har yanzu nake ganin zai yi amfani a ƙauyukanmu. Amma na kuma gane cewa shekara uku ina rubutu a kan yadda ƙarfi ke tafiya, ban rubuta layi ɗaya a kan mutumin da ke tsaye kusa da shi ba.

Washegari da la'asar, lokacin da hantsi ya yi a gida, na kira yayata a Zariya. Tana da injin markaɗe a zauren gidanta, bel ɗinsa a buɗe, mata da 'yan mata suna sunkuyawa a gefensa da hijabi da mayafi tun daga safe har yamma. Na ce ta sa mai walda ya yi wa bel ɗin keji na ƙarfe.

Ta yi dariya. "Kai dai da ƙaƙale. Shekara nawa injin nan yana nan, wa ya taɓa kamawa?"

Ban yi musu da ita ba. Na tura mata hoton abin da ya rage na rigar, da na wuyana. Tana duba hotunan, ina jin ƙarar injin a bayanta. Sai na ji ta ɗaga murya ta ce a kashe shi, yau ba markaɗe sai mai walda ya zo.