Ranar da Djibrilla Ya Juya Kwano

Djibrilla mai facin taya mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya ɗaga kofin ya duba a rana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya baro Birnin Konni da niyyar wucewa bakin teku. Da suka iso Sabha ta ƙasar Libiya ya ga direban yana masa fara'a da yawa, ya ce wannan dariya ba ta Allah ba ce, ya sauke jakarsa. Tun ranar yake unguwar Mahdiya yana liƙe tayoyin motocin hamada.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga zarginsa: Karimoune, Bazabarme mai walda, abokin hayarsa. Shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya, kowa da gefensa, kuma Karimoune ke girki. In ban da shi, Djibrilla ba shi da kowa a garin nan.

Sai ciki ya tasar masa. Yana gama ci zai kumbura tim, ya yi ta murɗa. Kwana uku ba bayan gida, na huɗu kuma gudawa. Karimoune ya raka shi asibiti don ya fi shi jin Larabci. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce babu abin da ya lalace, kolon ne, wato hanji mai saurin fushi. A rage yaji da wake da albasa da shayi mai kauri, a ci a hankali, a rage tunani. Djibrilla ya gyaɗa kai kawai. Ciwon da na'ura ba ta gani, ai a Konni an san sunansa: sammu. Wa ya sani ma ko abin da likitan ya faɗa aka fassara masa?

Daga nan ya sa ido. Ya lura makaronin gefensa ya koma fari fat, na Karimoune kuwa ja wur da harisa, yajin nan na Libiyawa, ga wake a kai. Rannan ya leƙa ya ga Karimoune yana barbaɗa wani gari a gefen Djibrilla kaɗai. Cikin dai ya yi sauƙi a makonnin nan, amma ya ce an sassauta ne don ya saki jiki.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Karimoune ya ajiye abinci ya tashi ɗauko ruwa. Djibrilla ya juya kwanon a hankali. Da Karimoune ya dawo ya dubi farin gefen da ke gabansa, ya dubi abokinsa, ya yi bisimilla ya sa hannu. Djibrilla ya dinga tura yaji da wake a baki yana jiran ya ga Karimoune ya yi turus. Bai yi ba, har aka suɗe kwano.

Kafin la'asar Djibrilla yana birgima a tabarma. Karimoune, lafiya lau, ya tsaya a kansa.

"Mi ka zuba min?" in ji Djibrilla, da ƙyar.

"Kamun ne, kayan ƙamshin girki, da na'ana'a busasshe. Mai farmasi ya ce yana kwance iska," in ji Karimoune da Hausarsa ta kasuwa. "Ni ban faɗi ba, don kai ba ka yarda magani. Amma ni ban san kai ba ka yarda ni ba."

Kunya ta fi murɗar ciwo.

Karimoune bai bar ɗakin ba, bai kuma daina yi masa girki ba. Cikin Djibrilla yakan tashi jifa-jifa, amma yawanci lafiya yake wuni. Sai dai yanzu Karimoune a wurin walda yake cin nasa. Kullum da azahar Djibrilla yakan tarar da abincinsa a rufe, garin kamun a gwangwani a gefe, don ya zuba da hannunsa.