Ranar da Kaka ta buɗe kasuwa a tsakar gida

Har in mutu ba zan manta da kaina tsaye riƙe da ƙwaryar jar dawa ba, ciki na kuka, ina ciniki da kakata a kan turmi.

"Hannu guda," in ji ta. "Taɓarya kuma daban."

Shekarar babban fari ce, a Gazawa. Na daɗe da gudu daga lakol, wato makarantar boko, amma tsohon malaminmu, da muke ce wa mushe, bai fid da rai da ni ba. Ya ara mini wani littafi a kan kasuwa mai 'yanci, wai kowa ya tsaya da ƙafarsa, ba mai bin wani komai. Ya ce in na gama akwai wasu, ya ma jera mini wanda zan fara da wanda zai biyo. Ko rabi ban kai ba kaina ya kumbura. Da aka kawo dawar taimako sai na miƙe na ce na bar cin akushi ɗaya da kowa, a auna mini rabona.

Kaka ba ta yi musu ba. Ta auna, ta miƙo, har da "Allah ya amfana, mai gida."

Turmi ya ci hannu guda. Ruwan tulu ya ci guda. Na zo wajen wuta, ƙanwata ta ce ita ta yo icce, kuma yau icce ya yi tsada.

"Kaka, ni fa jikanki ne!"

"Jika? A kasuwa? Ka taɓa ganin ana sayar da shi a kasuwar Gangara?"

Kafin in ɗora tukunya, abin da ya rage ko kaza ba zai ƙosar ba. Tukunyar ma haya ce. Na koma gefe ina jin ƙarar lomarsu. Sai da na haɗiye miyau ya fi a ƙirga Kaka ta turo akushin da ƙafa.

"Matso. An tashi kasuwa."

Ranar na gane kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa, wani ne ke daka masa.

Washegari na ba direban da ke zuwa Agiye, garin da mushe ke zaune, littafin, na ce ya gaya wa mushe: "Na gode. Sauran ka riƙe su, ka ɓoye da kyau. In Kaka ta ji abin da ke ciki, har inuwa sai ta sayar mana."