Ba Ka Cikin Istabilishmen

Hannuna na wuyan rigar obasiya, shugaban leburori, lokacin da masinjoji suka ɗaga ni cak suka jefa ni kwata, a ƙofar yadinmu na ma'aikatan hanya a Jimeta. Ina kwance ina jin akawu yana maimaita maganar da ta tunzura ni: "Kai fa ba ka cikin istabilishmen."

Tun da na watsar da makaranta nake dakon tsakuwa da kwalta, leburan kullum. Da aka turo guraben dindindin daga Maiduguri, sai aka ba ɗan ƙanwar obasiya, wanda bai san nauyin shebur ba. Na sha tambaya, mene ne istabilishmen ɗin nan? Akawu ya ce ofis ne a Maiduguri. Direbanmu ya ce masu cin fansho ne. Wani ɗan kwaleji ya ce ai duk manyan da suka gaji kujerun Turawa ake nufi. Ko wanne ne, ni dai ina waje.

A kwatar nan na tuna kakata, Mama Dija. Lokacin sanyi a ƙauyenmu Bako, bayan isha'i, sai ta hura wuta da kara, ta binne mana gyaɗa a toka. Hausarta ta Fulani ce, ba ruwanta da mace da namiji.

"Ga ta nan tafe. Ku matso, kar ya wuce ku."

Wai an yi fari, namun daji suka ce a haƙa rijiya. Giwa da ɓauna da zaki suka zauna a inuwa suna nuna inda za a haƙa. Bushiya ta shiga rami, ta yi ta tono har faratanta suka yi jini. Da ruwa ya ɓullo, manya suka kewaye bakin rijiya suka yanke doka: ba mai sha sai wanda ya yi shawara. Bushiya ta ce ita fa? Giwa ta ce, "Lokacin shawara ba mu gan ki ba, kina rami."

Nan Mama ta tsaya, ta koma tona gyaɗa.

"Sai bushiya ta yi yaya?" na ce.

"Sai ya lashe laka a farcensa."

"Shi ke nan?"

"So kake in yi maka ƙarya, mijin banza? Ungo gyaɗa."

Na daɗe ina jin haushinta. Kakannin wasu, a tatsuniyarsu ƙaramin ne ke cin nasara. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta manta ƙarshen. Sai da na girma na ji cewa mijinta dako ya yi wa En'e, hukumar sarki, har bayansa ya ƙage, kuma ranar jana'izarsa ko dogari ɗaya bai leƙo ba. Ba mantuwa ta yi ba.

Washegari Baffa Hammadu, wanda ya sama min aikin, ya aiko direbanmu. Wai in zo mu je gidan obasiya a Nassarawo, shi Baffa ya cire hula, ni in durƙusa, ko a mayar da ni kan tsakuwa. In na ƙi, ni da yadi har abada.

Na ce wa direba, "Ka gaya wa Baffa na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ya bar hularsa a kansa, ya tsufa da wannan. Ba zan zo ba. Na bi masu kwalekwale zuwa Numan. Shebur ɗinsu na bayan ɗakina, a ba ɗan ƙanwar ya gwada."