Kurar Kwalin Da Ba Ta Da Idanu

Wata rana cikin goman tsakiya na watan azumi, Malam Sabi'u ya dawo daga shagonsa da la'asar sakaliya, ya tarar yaran layinsu sun cika masa ƙofar gida suna shirin tashe.

Wani ya liƙa gemun auduga da kunu, rabinsa har ya fara zamewa. Wata 'yar mitsitsiya ta ɗaura zanen kakarta tana jan sa a ƙasa. Biyu kuma sai gardama suke a kan tsohuwar hular kwano, kowa ya ce shi ne soja.

Ɗansa Nafi'u, mai shekara bakwai, yana can gefe a tsugune bai ce komai ba.

Dama ba mai magana ba ne. Yana da i'ina, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Shi kuwa Malam Sabi'u gajen haƙuri ne da shi. Yaron na fara magana zai haɗe rai, ya ce ya je ya shirya bakinsa tukuna.

Don haka bai ma tambaye shi ko zai fita ba. Ya shige ciki abinsa.

Bayan sallar asham yana zaune a majalisa da abokansa, sai ga 'yan tashe da gwangwanayensu.

A tsakiyarsu akwai wata kura.

Kwalin taliya ne aka kife wa yaro a kai, an zana masa dabbare-dabbare da gawayi, an liƙa kunnuwa. Mai gemun audugar nan ne ke jan ta da igiya.

Kura ta buɗe baki ta fara waƙa. Wai a daina zarginta, ita ma azumi take yi, rabon ta da akuyar mutane tun kafin a ga wata. Murya ce siririya, tas, ba gargada ko ɗaya. Sauran yara na amshi, dattawa na ta dariya har da masu share hawaye.

Malam Sabi'u ma ya yi dariya, amma wani abu ya tsaya masa a rai.

Kwalin ba shi da ramin ido. Baki kawai aka yanka.

Ya yi ta kallo yana mamaki. Wane irin yaro ne zai ɓata lokaci wajen yin kunnuwa ya manta da idanu? Ya ga yadda yake laluben ƙasa da ƙafa kafin ya taka. Ya tambayi na kusa da shi ko ya san ɗan gidan waye, mutumin ya ce bai taɓa jin muryar nan a layin ba.

Da aka gama, ya debo dabino, ya ce a matso masa da kurar, yana son ganin mai wannan baki.

Yana yin magana, kura ta tsaya cak.

Ya sa hannu ya ɗaga kwalin a hankali.

Nafi'u ne, gumi ya jiƙa masa fuska, idonsa a ƙasa.

Malam Sabi'u ya durƙusa har kansu ya zo daidai.

"Nafi'u, kai ne? To me ya sa ba ka huda wurin ido ba?"

Yaron ya daɗe yana kokawa da kalmar farko. Wannan karon babu wanda ya katse shi.

"I-i-in ba na ganin f-fuskar mutane, Baba, m-magana ba ta maƙale mini."

Malam Sabi'u ya san fuskar wa ake nufi.

Ya zuba masa dabinon a aljihu, ya ce su ci gaba. Shi kuma ya miƙe ya bi bayansu daga nesa, gida-gida, yana sauraron muryar ɗansa kamar yau aka haifa masa shi.

I'inar ba ta tafi ba, har yanzu tana nan. Amma washegari wajen buɗa-baki, Nafi'u ya ɗauko labarin wani kare da ya kore su a ƙarshen layi. Labarin ya yi tsawo, kunun uban har ya huce a hannunsa. Bai kurɓa ba sai da yaron ya kai ƙarshe.

Darasi:

Yaro yana karanta fuskarka kafin ya ji maganarka. Da yawa cikin yaran da muke kira marasa baki, bakin yana nan, haɗe ranmu ne ya rufe shi. In ɗanka ya fara magana yau, saki fuska, ka jira shi ya gama.

Ka tura wa duk uba ko uwar da ka san akwai yaro mai shiru-shiru a gidansu.