Waken Zaki

Duk wanda ya shiga ɗakin awon jini na ƙaramin asibitin da ke kusa da bodar Magama, sai ya ɗauka Susanna girki za ta ɗora. Ga madubin awo mai ƙara girman ƙwayoyin jini, ga kwanon gero, da na gyaɗa, da na wake a gefensa.

'Yar Gangara ce, ta tashi tana taya mahaifinta Zaki tsince irin shuka. Da injin ƙidayar asibitin ya lalace shekara shida da suka wuce, sai ta koma wa abin da hannunta ya saba. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, iri-iri ne, kuma sai ta ƙirga ɗari a jinin kowane mutum. Ƙanana ta jefa gero, masu gaɓa-gaɓa ta jefa gyaɗa, manyan nan masu lanƙwasasshen ciki, waɗanda likitoci ke kira monosait, ta jefa wake. Direbobin Maraɗi har tsokanarta suke, wai a zuba musu mudu biyu.

Jinin 'yan gidansu ne kawai ba ta taɓa yarda ta duba ba. Amma bara, gab da damina, Zaki ya yi wata guda yana zazzaɓi yana ramewa, har likita ya ambaci sankarar jini. Ranar kuma babu wani ma'aikacin awo sai ita.

Ta shafa jinin a gilashi, ta rina, ta sunkuya. A mai lafiya wake ba ya wuce goma. Na tsohon ya kai ashirin da uku. Ta ji kamar ta rufe madubin ta gudu.

Sai ta daure ta bi manyan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don yawa kaɗai ba ya yanke hukunci. Na sankara ɗanyu ne, ba su gama girma ba. Waɗannan kuwa ƙosassu ne, kuma a cikin da yawansu akwai baƙin ɗigo-ɗigo, ragowar ƙwayar maleriya da suka haɗiye. Likita ya leƙa, ya daɗe, ya ce haka ne, maleriya ce ba sankara ba. Susanna, uwar 'ya'ya uku, ta zauna a ƙasa tana kuka don daɗi, ko kunya babu.

Bayan kwana huɗu da fara magani, Zaki ya tako da ƙafarsa har ɗakin, wai sai ya ga abin da ya sa 'yarsa kuka. Madubin bai dame shi ba. Kwanon ya ɗauka, ya juya waken a tafinsa, ya harare ta.

"Ashe ke ce ka ɗibar mani iri cikin rumbu? Maido mani abina, ɗiyata. Ruwa ya kusa sauka, kuma bana ni zan shuka shi da kaina."